Wane littafi yaron gareji zai fara saya?

Habu, ɗaya daga cikin yaran gareji, ya yi tambaya: "Oga, na ɗan tara wani abu, ina so in sayi littafin gyaran mota. Wasu sun ce asarar kuɗi ce, wai aikin nan a hannu yake ba a takarda ba. Wanne zan saya? Sannan yayana da ke jan bas tsakanin Bauchi da Gombe ya ce in tambayo masa ko akwai littafin da zai amfani direba."

Habu, Allah ya yi maka albarka. Masu cewa aiki a hannu yake ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba su ƙarasa maganar ba. Hannu ne ke jin bol ya kusa tsinkewa, kunne ne ke raba ƙarar metal da ta tafet. Amma ƙarfin da za a ɗaure kowane bol, da wanda ake fara ɗaurewa, da tazarar bakin fulogi, da irin man da giya ke sha, waɗannan lambobi ne, kuma kowane inji da nasa. A zamanin Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mai kafireto da kwantak, bakanike kan saita inji da kunne a wuce wurin. Motocin da ke shigo mana yanzu birenbos, wato kwamfutar mota, ke ba su mai da wuta, injin da yawansu alminiyam ne, ba sa ɗaukar kintace. Saboda lambobin nan ake neman littafi, don haka kowane littafi aka miƙo maka, abin da za ka fara dubawa shi ne ko lambobin injin da ke gabanka suna ciki.

Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, domin na farkon kyauta ne. Shi ne ɗan littafin da kamfani ke sakowa a akwatin dashbod don mai mota. Duk motar da ta shigo, nemi izinin mai ita ka duba ko yana nan. In babu, Toyota da Honda na Amurka suna ajiye nasu a intanet, ana saukewa a waya ba ko kwabo. Can wajen ƙarshensa akwai shafin da ya jera irin baƙin mai da yawansa, da man giya, da man birki, da iskar taya, da aikin kowane fiyus. Ɗauki man giya kaɗai. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai giya otomatik T-IV take sha. Camry ta 2007, wadda ake ce wa Muscle, WS take sha. Honda tana da nata daban, Z1 a da, DW-1 daga baya. Dukansu ja ne a ido, shi ya sa wani ke ɗauko duk wanda ya samu ya ɗura. Ba ranar motar za ta nuna ba. Bayan wasu watanni giya za ta fara fizga ko ta yi jinkirin shiga, saboda kauri da santsin man ba su dace da farantan kulocin da ke ciki ba, su yi ta gugar juna har su ƙone. A littafin kuma za ka ga jadawalin sabis iri biyu, na hanya mai kyau da na hanya mai ƙura da zafi. Mu na biyun ne namu, ko don ƙurar hunturu da ranar watan Afrilu. Kuma ka lura motar Amurka mil take ƙirgawa, kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Kafin ka biya kuɗin kowane littafi, san motar da kake saya dominta. Lambar cesis tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa, haruffa da lambobi 17. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, W Jamus, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin kasuwar Amurka na goma shi ne shekara: Y ta 2000 ce, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A ta 2010. Motocin Turai ba duka ke bin wannan ba. Daga nan sai lambar inji, wadda ke kan takardar da aka manna a cikin bonet, kuma an buga ta a jikin bulok. Ta jikin bulok za ka gaskata, don a nan ƙasar mota kan ci inji biyu ko uku kafin ta iso hannunka. Corolla ɗaya ce a ido, amma ta Amurka injin 1ZZ-FE ne a ciki mai lita 1.8, ta Turai kuwa sau da yawa 3ZZ-FE ne mai 1.6 ko 4ZZ-FE mai 1.4.

Wanda nake ba ka shawara ka sa kuɗinka a kai shi ne littafin Haynes na motar da ta fi shigo mana. Kamfanin Ingila ne da aka kafa a 1960, kuma yadda suke yi shi ne su sayi motar su wargaza ta, su sake haɗawa, suna ɗaukar hoton kowane mataki. Shi ya sa ko Turancinka bai yi ƙarfi ba hoton zai ja ka. Kowane babi da shafin lambobi yake farawa, wannan shafin shi ne kuɗinka. Akwai bugun Amurka akwai na Ingila. Corolla, Camry da Accord 'yan Amurka, nemi bugun Amurka. Golf, Vectra da Fijo 406, na Ingila za ka nema, sai dai ka tuna sitiyarinsu a dama yake, don haka wasu abubuwan za ka same su a ɗaya gefen. A bango an rubuta shekaru da injinan da littafin ya ƙunsa, karanta kafin ka biya. Inda ya gaza kuma ka sani: ba ya koya maka buɗe cikin giya otomatik, kuma zanen wayarinsa a taƙaice yake.

Bari in nuna maka yadda ake aiki da shi, da aikin da ya fi kowanne dawowa gareji, wato canza gaskit ɗin top, kan injin da ke rufe silinda, a injin 1ZZ-FE. Bol goma ne ke riƙe da top, kuma soket na musamman suke so mai lamba 10 mai haƙora goma sha biyu. Wanda ya cusa wani daban zai cinye kan bol ɗin. Wajen kwancewa daga waje ake farawa a nufo tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, kuma sai inji ya huce sarai. In ka zare ɗaya gaba ɗaya alhali sauran suna ɗaure, kai da kanka ka lanƙwasa top. Bayan ka wanke fuskarsa, ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a tsaye da a karkace, ka gwada zura fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashi. Iyakar da kamfani ya yarda da ita milimita 0.05 ce, abin da ido ba ya gani. In ta wuce haka, sabon gaskit ba zai hana ruwa haɗuwa da mai ba. Ramukan bol da ke jikin bulok a busar da su tas. Ruwa ko mai in ya kwanta a ciki ba ya matsuwa, bol zai tsaya a kansa ka ɗauka ya ɗauru, wani lokaci ma bulok ya tsage. Shafa ɗan mai a zaren bol. Ɗauri kuma daga tsakiya yake farawa ya yi waje, bisa lambobin da aka zana a hoto, kamar mai shimfiɗa tabarma yana kore tudu zuwa baki. Da sifana mai awo, tok renc, za ka kai kowanne 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a hankali. Sai ka ɗiga fenti a gaban kan kowane bol, ka ƙara juya shi digiri 90, wato kwatan zagaye, a bisa jerin nan dai. In ka gama, duk ɗigon fentin su fuskanci gefe ɗaya. Wanda ya saɓa, shi ka tsallake. Irin waɗannan bol suna miƙewa in an ɗaure su, don haka littafin ya ba da tsawon da in tsohon bol ya wuce shi sai a jefar. Wanda ya sa bututu a hannun sifana ya danna har sai da ya ji "ya isa", ko dai ya bar gaskit sako-sako ko ya tsige zaren bulok, kuma gyaran zaren alminiyam ya fi gaskit tsada nesa ba kusa ba.

A nan akwai tarkon da ke kama har manya. Littafin Amurka da ft-lb yake awo, na Japan da Turai da Nm. Wannan 49 Nm ɗin ita ce 36 ft-lb. Notin tayar Corolla 103 Nm ne, wato 76 ft-lb. In ka karanta 36 ka saita a layin Nm, ɗaurin bai kai ba. In ka karanta 49 ka saita a layin ft-lb, ka kai wajen 66 Nm tun kafin ƙarin digiri 90. Rubuta wannan a bangon littafinka: ft-lb ɗaya 1.36 Nm ne, a awon matsi bar ɗaya 14.5 psi ne, inci ɗaya milimita 25.4 ne, kwat na Amurka kuma bai cika lita ba, 0.95 ne.

Sama da Haynes akwai littafin kamfani na kansa, wanda makanikan dila ke aiki da shi. Mujalladai ne, kuma yanzu yawanci a intanet ake biya a karanta. A cikinsu wanda ya fi amfanar ka shi ne na zanen waya. Na san za ka ce wannan aikin mai wayarin ne. A da haka ne. Yau motar da ta ƙi tashi, kafin ka ce famfon mai ne ko sensa ce sai ka bi waya, kuma bakaniken da bai iya ba kullum yana jiran wani. A zanen Toyota harafi ke nuna launi: B baƙa, W fara, R ja, G koriya, Y rawaya, L shuɗiya. In haruffa biyu ne, na farko launin waya, na biyu launin zanen da ke jikinta, kuma W-B, fara mai baƙin zane, ita ce yawanci ke zuwa bodi. A motocin Jamus ruwan ƙasa ce ke zuwa bodi, kuma lambobi suke amfani da su: 30 wuta kai tsaye daga batir, 15 wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, 31 bodi, 50 kik. A jikin rile, 85 da 86 ne ke jan shi, wuta ta shiga ta 30 ta fita ta 87. Rile na Toyota kuwa 1 da 2 ke ja, 3 da 5 ke wucewa da wuta.

Ga inda wannan ke aiki. Mota ta zo tana zafi, fankar lagireto ba ta tashi. Abin da aka saba shi ne a cire tamastat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli. Mai mota ya tafi yana murna, allura ba ta hawa. Amma littafin ya ce tamastat ɗin wannan inji tana buɗewa ne tsakanin digiri 80 da 84, don a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki. In aka cire ta inji yana daɗewa bai ɗumama ba, birenbos ya ci gaba da ƙara mai, fulogi su yi baƙi, fetur ya riƙa wanke man da ke jikin silinda, wata rana wutar cek ta kama, kwamfuta ta nuna lambar matsala P0128. Da zanen waya a hannunka, bi layin daga farko. Duba fiyus ɗin fanka. Musanya rile da wani irinsa da ke cikin akwatin. Ba fankar wuta kai tsaye na ɗan lokaci ka ga ko motarta na da rai. Sannan auna sensar zafin ruwa da mita: a digiri 20 za ta ba ka kusan om 2,400, a digiri 80 ta sauko kusan 300. In ba ta sauka, ka kama ɓarawon, kuma ba ka yanke ko waya ɗaya ba.

Littattafan da ke jera lambobin kwamfuta kuwa, kada ka kashe kuɗi a kansu, waya ma za ta ba ka. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma lambobin da suka fara da P0 ma'anarsu ɗaya ce a kowace mota. Abin da jerin ba ya faɗa shi ne yadda za a bi matsalar. P0171 cewa take iska ta fi mai yawa, ba ta ce a sayo sensa ba. Littafin gyara zai sa ka duba robar iska ko ta tsage, da gaskit ɗin manifol, ka wanke sensar iska, ka auna ƙarfin famfon mai, wanda a wannan inji ya kamata ya tsaya tsakanin 44 da 50 psi. P0301 kuma silinda ta ɗaya ce ke tsallake wuta. Mayar da kwayil ɗinta kan ta biyu. In lambar ta koma P0302, kwayil ne. In ta tsaya, koma kan fulogi, nozul da matsin silinda.

Akwai kuma littafin da ke bayanin dalili, ba na mota guda ba: yadda inji ke shaƙa, ya matse, ya ƙone, ya fitar, da yadda birki da giya da caji ke aiki. Wanda aka daɗe ana koyarwa da shi a makarantun fasaha shi ne na Hillier. In kana da niyyar zana Trade Test na Ma'aikatar Ƙwadago ko jarrabawar NABTEB, kuma ina so ka yi, irinsa za ka karanta. Tsohon bugu ma ya wadatar, don tushen aikin bai canza ba. Kafin ka saya, tambayi ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji ko na kwalejin Tatari Ali, duk a Bauchi, sukan san inda ake samun na hannu. Babban kundin Bosch ka bar shi tukuna, lissafi ne na masu ƙera mota.

Turanci kada ya tsorata ka. Kalmomin da littafin gyara ke maimaitawa ba su da yawa, kuma rabinsu kana faɗar su kullum a gareji. Abin da ka sauke a waya, a kula: ana yawo da fayil da sunan wata mota alhali cikinsa na wata ce, don haka nemi lambar inji a shafin farko. Shafukan da ka fi buƙata, wato na lambobi, na jerin ɗauri, na alamomin taimin da na fiyus, kai su shagon kwamfuta a buga, a sa musu leda. Hannu mai baƙin mai da fuskar waya ba sa shiri.

Yayanka kuma ka ce ina gaishe shi. Littafinsa shi ne na dokokin hanya da hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ke bugawa. A ciki zai ga alamomin titi da iyakar gudu: bas kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya. Littattafan tafiye-tafiye da ke bayanin garuruwa suna da daɗin karatu, kuma wanda zai kai baƙi Yankari zai ƙaru da su, amma saurin tsufa gare su. Ba za su gaya masa inda ruwa ya ci hanya a daminar bana tsakanin Dindima da Alkaleri ba. Wannan a tasha ake jin sa, da ɗan gari akan ci gari. Abin da zai fi yi masa amfani shi ne littafin motarsa, musamman shafin taya da birki. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 tana nufin mako na 23 a 2019. Tayar Beljiyam mai kyan zane tana iya zama tsohuwa tukuf, kuma ita ce ke fashewa in kwalta ta yi zafi da lodi. Iska kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗumama, a bi lambar da ke ginshiƙin ƙofa, domin wadda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. In lodi ya kai shi Jos, gangarowar nan da giya ake yin ta. Man birki DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma yana shan danshi, in ya tsufa a 140 ma sai ya tafasa, a taka birki ƙafa ta tafi ƙasa. Ya riƙa canza shi duk shekara biyu.

Saura littafi ɗaya, wanda ba kowa zai rubuta maka ba. Sayi babban littafin rubutu mai kwali a kasuwar Wunti. Kowace mota ka ba ta shafi: lambarta, lambar inji, nisan tafiyar da mitar dashbod ta nuna, ƙorafin mai ita da bakinsa, abin da aka auna, abin da aka canza, da ko ta dawo. A bayansa ware shafi ga kowane inji, ka kwafe lambobinsa. Fara da 1ZZ-FE: wuta 1-3-4-2, bakin fulogi milimita 1.1, tazarar bawul a sanyi 0.15 zuwa 0.25 na shiga, 0.25 zuwa 0.35 na fita. Ƙara da na batir, wanda ya shafi kowace mota: volt 12.6 in ya cika yana hutawa, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki.

Kuɗin da ka tara raba shi uku. Littafin rubutu da Haynes na Corolla su fara. Abin da ya rage sayi mita ta auna wuta da fila geji, don lambar da ba ka da abin auna ta ba ta da amfani a wurinka. Tok renc yana da tsada, yi amfani da na gareji, amma duk sanda ka gama ka sassauta shi ya koma lambar ƙasa kafin ka mayar akwati, in ba haka ba sifirin ɗin ciki zai gaji ya fara ba ka awon ƙarya.